Gusau: Garin da Auduga ta Gina a Bakin Gulbi

Dajin Rugu ne ya raba mu da ƙasar Zamfara. Ruwan da ke sauka a gonakin Zakka da sauran ƙauyukan Safana da Batsari yamma yake nufa, ya bi gulabe har ya faɗa Rima, ita kuma ta haɗu da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Shehu. Shi wannan gulbi ɗan Katsina ne, don daga wajen Funtuwa ya taso, kuma babban garin da ya fara ratsawa a hanyarsa shi ne Gusau. In ana neman garin bakin gulbi da masana'antu suka raya a yankinmu, suka kuma juya masa baya, da wuya a sami misalin da ya fi shi fitowa fili. Kano ta shahara tun ba a san inji ba. Kaduna kuwa Bature ne ya zana ta a takarda. Amma Gusau ƙaramin gari ne da aka ga tashinsa ƙiri-ƙiri cikin shekara 40, kuma har yau akwai dattawan da jiniyar masaƙa ce ke tashinsu daga barci a lokacin ƙuruciyarsu.

Asalin garin bai haɗa hanya da inji ba. Kafin jihadi 'Yandoto ce fitilar wannan yanki, garin malamai da ɗalibai a ƙarƙashin Katsina, wanda labarin baka ya ce daga can Muhammadu Korau ya fito. Da malamanta suka ƙi bin Shehu, Muhammadu Bello ya ci garin a farkon ƙarni na 19, jama'arsa suka watse. Bayan haka ne Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, ya kafa Gusau wajen 1811, shi ya sa har gobe sarautar garin take Sarkin Katsinan Gusau. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gusau gari ne kamar tsararrakinsa, Bunguɗu da Kwatarkwashi da Tsafe. Ba wanda zai nuna shi da yatsa ya ce wannan ne zai tsere musu.

Batun gulbin ma sai an yi hattara. A wasu ƙasashe, in an ce garin bakin kogi, ana nufin jiragen ruwa na dakon kaya ko ruwa na juya inji. Masaƙun farko na Ingila ƙarfin ruwa ne ya juya su kafin kwal ya karɓa, kuma jirgin ruwa ne ya yi Lakwaja da Baro. Gulabenmu ba haka suke ba. Da damina su cika su batse, su ci gada su ci gona. Da bazara su koma yashi, sai ka ga mata sun tona rami a tsakiyar gulbi sun tsuguna, suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwalfa da ƙoƙo. Gulbin da jaki ke tsallakewa rabin shekara ba ya kai kayan kowa ko'ina. Abin da ya ba Gusau shi ne fadamar rake da albasa da taba, da ruwan marina da majema, daga baya kuma, da aka tare shi, ruwan famfo da na tukunyar inji. A kewayensa, musamman kudu da gabas har zuwa Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ga laka mai riƙe danshi, irin ƙasar da auduga ke so. A wannan laka arzikin yake.

Kuma ba Bature ne ya koya mana auduga ba. Kaɗa, kamar yadda muke kiranta a nan yamma, ta daɗe da zama sana'ar gida sukutum. Maigida ya noma, tsohuwa ta zauna da dutsen gurza da ɗan ƙarfenta tana murzawa angurya na fita gefe, a shiɓe ta da baka ta yi laushi, a kaɗa zare da mazari, yatsa na shan alli. Masaƙi ya saƙa sawaye, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga, fatake su ɗora wa jakai. Daga gona har wuyan mai riga, kuɗin a hannun mutanen ƙasa yake zagayawa.

Ƙarfin wannan sana'a ne ya ba Turawa mamaki. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta, wadda bakinmu ya mayar Bisije, don sun gaji da dogara ga audugar Amurka. Sun ɗora buri mai yawa a kan Arewa, kuma wannan buri na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har ya iso Kano a 1911. Da jirgin ya zo, manomin Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi riba, audugar da ya noma kuma masaƙin gari ya fi Bature biya. Sai aka sake dabara. Aka kawo irin Allen daga Amurka mai dogon gashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa kusa da Funtuwa, aka sa En'e ta matsa wa talakawa, haraji kuma sai da kuɗin Bature. Sannan aka ja wani reshen dogo daga Zariya ya bi tsakiyar ƙasar laka: Funtuwa, Tsafe, Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929.

Da a ce an tsai da shi a wani wuri, da labarin ya sha bamban. Birnin Sakkwato bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, haka ma birnin Katsina. Saboda haka duk abin da Lardin Sakkwato zai fitar, auduga ce ko gyaɗa ko fata da ƙiraga, sai ya gangaro tashar Gusau ko ta Ƙaura, duk abin da zai shigo kuma, gishiri da kananzir da kwanon rufi, a nan ake sauke shi. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka kafa kantuna, Kwarori suka biyo baya, Yarbawa da Ibo suka zo aikin reluwe da akawu da tireda. Aka yi Sabon Gari, aka yi Tudun Wada. Fadar lardi tana Sakkwato, amma kasuwarsa tana Gusau.

Wanda bai ga ranar fuloti ba ba zai gane yadda igiyar ta ɗauru ba. Doka ta hana sayar da auduga sai a kasuwannin da hukuma ta ware, wato fuloti, a lokacin da ta yanka. Tun asuba jakai da amalanke ke layi. A kwance ƙunshi a gaban malamin dubawa, ya cusa hannu can ciki ya zaro, ya duba ko da ganye ko tsakuwa ko danshi, ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu. Wanda aka mayar wa tasa sai ya koma gindin bishiya da 'ya'yansa su yi ta tsinta. A ɗora a sikeli, a biya a take, a kan farashin da aka sanar tun kafin kaka. Daga nan sai gidan gurza, inda injin ke raba gashi da angurya. Kashi ɗaya cikin uku ne kawai na nauyin ke fita gashi, a matse shi dila-dila, kowace wajen kilo 180, a ɗaure da ƙarfe a loda a tarago. Angurya kuma a ware ta shuka, a mayar wa manomi kyauta. Bayan kaka dole ne kowa ya tuge karan audugarsa ya ƙone, don kada tsutsa ta kwana a gona ta jira baɗi, kuma dogari na zagayawa.

Kada a ɗauka ina yi wa wancan zamani kirari. Hukumomin saye da aka kafa, ta auduga a 1949 da ta Jihar Arewa a 1954, sun riƙa biyan manomi ƙasa da abin da kayansa ke yi a kasuwar duniya, rarar kuma ta tafi gina Kaduna da manyan makarantu da kamfanonin gwamnati. Malamin sikeli ma ba waliyyi ba ne, 'yan baranda kuma na gefe suna jiran wanda bashi ya kama. Gumin mutanen ƙauye aka tatsa. Amma a cikin wannan tatsa akwai abu uku da manomi ke da tabbacinsu: iri mai kyau, mai saye, da farashi. Masana aikin gona na Samaru na fitar da sabon iri, a yaɗa shi daga Daudawa, cikin 'yan shekaru ya game ƙasa, ba gauraye.

A kan wannan tabbaci aka gina masana'antu. Gwamnatin Sardauna ta ga babu hikima a kai auduga Lankasha a sayo ta yadi, sai ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. A 1965 aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau, wadda daga baya ta shiga rukunin UNTL na 'yan kasuwar Hong Kong, rukunin da ya riƙe masaƙar Funtuwa ita ma. Ga kamfanin matsar mai da ke cin gyaɗa da angurya, ga na minti, ga gidajen gurza. Ba su da yawa in an gwada da Bompai ta Kano ko Kakuri ta Kaduna, amma a gari irin Gusau sun isa su sauya yadda ake kwana da tashi. Masaƙa ba ta barci, ma'aikata kashi-kashi suke shiga, wasu na fita wasu na karɓa. Kowane albashi guda yana da masu jiransa: mai gidan haya, mai tuwo a bakin ƙofa, mai shayin dare, mai facin keke, tela, da tsohon da ke ƙauye yana sauraron kuɗin taki. Ɗan ci-rani da ya saba komawa gida da faɗuwar ruwan farko ya sami dalilin ɗauko iyalinsa. Aikin ya kuma haifar da wani irin mutum da ƙasar ba ta saba da shi ba, talaka mai katin ƙungiya, wanda ya san ana iya zama da manaja a teburi a yi ciniki a kan albashi. Daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ne Adams Oshiomhole ya taso, tun yana ma'aikaci a masaƙar Arewa ta Kaduna.

In ka tambayi mutanen gari abin da ya kashe masaƙa, amsar farko ita ce kayan Sin da rashin wuta. Gaskiya ne, amma waɗannan sun tarar da mara lafiya ne a kwance. Ciwon daga gona ya faro.

Gyaɗa ce ta fara tafiya. Farin 1972 zuwa 1974 ya gigita ta, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa, dala ta ɓace daga Kano da tashoshin jirgi. Mu nan da gyaɗa ta fi auduga ƙarfi a gonakinmu, mun ji wannan a jika tun kafin mutanen laka. Sai kuɗin fetur ya zo. Lada ta tashi, samari suka bar fartanya suka nufi birane aikin gini, naira ta yi ƙarfin da komai na waje ya zama araha. Auduga kuwa shuka ce mai cin hannu, daga shuka har tsinta, ga feshi. Wani abin ban mamaki shi ne shirin raya noma da Bankin Duniya ya tallafa, wanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gwambe a tsakiyar shekarun 1970. Ya kawo taki da hanyoyin karkara da sabon irin masara, kuma ya yi nasara, sai dai nasarar masara ce. Manomi ya ga ga abin da zai ci ya kuma sayar wa wanda ya ga dama, ba sai ya jira fuloti ba. Ƙasar da ta gurza wajen dila dubu 500 a kakar 1969/70 ta wayi gari a shekarun 1980 masaƙunta na neman lasisin shigo da auduga daga waje.

Sai 1986. Gwamnatin Babangida, a ƙarƙashin shirin SAP, ta rushe hukumomin saye, har da Hukumar Auduga ta Ƙasa da ke da hedikwata a Funtuwa. An ce an 'yanta manomi, kuma a shekarun farko farashi ya ɗaga. Amma an rushe gini ne ba a tanadi inda za a ajiye kayan cikinsa ba. Babu mai dubawa, babu mai kula da iri, babu mai tilasta ƙona kara. Kowa ya zama mai saye, a kan hanya, a ƙofar gida, da dare. Da mai saye ya daina duba inganci, sai mai sayarwa ya koyi yayyafa ruwa da barbaɗa yashi don nauyi. Iri ya gauraye har ba a san wane ake shukawa ba. Wata ɓarnar ma ba da gangan aka yi ta ba: buhun taki na leda ya maye gurbin ƙunshin zane da buhun algarara. Zarensa ɗaya in ya shiga auduga, injin gurza ya daddatsa shi, ya bi har cikin yadi, kuma ba ya kama rini. Sai an gama atamfa a ga farin layi ya ratsa ta. Wannan ɗan zare kaɗai ya isa ya karya darajar audugar Najeriya a kasuwa.

A lokaci guda darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowace masaƙa ta koma janareta, baƙin man da ake hura tukunya da shi kuma sai matatar Kaduna ta ga dama. A kan wannan hali aka buɗe ƙofa: Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Da aka dawo da haramcin daga baya, bai hana komai ba sai kuɗin kwastan. A nan ya kamata mu mutanen kan iyaka mu faɗi gaskiya. Atamfar da ta rufe masaƙar Gusau ba daga sama ta faɗo ba. Daga Kwatano take hawa mota zuwa Maraɗi, ta shigo ta Jibiya da ɓarauniyar hanya, ta kwana a Kantin Kwari. 'Ya'yanmu ne direbobi, su ne 'yan dako, su ne masu nuna hanya, matanmu kuma su suka ɗaura, don ita aljihu ke iya saye. Fasa-ƙwauri ya ciyar da gidaje da yawa a wannan yanki, ya kuma rufe bakin wasu a hayin daji. A shekarun 2000 masaƙar Zamfara ta sallami ma'aikatanta, uwar rukunin ma a Kaduna ta rufe a 2007. Masu masaƙu na cewa a shekarun 1980 akwai masaƙu wajen 175 a ƙasar nan. Waɗanda suka rage ba su kai 30 ba.

Gusau dai ba ta mutu ba, kumbura ma ta yi. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara ta mai da Gusau hedikwatarta. Sakatariya ta zo, gidan gwamnati, asibitin tarayya, jami'ar tarayya a 2013, bankuna, gidajen mai, unguwanni sababbi ta kowace kusurwa. Wanda ya rabu da garin a 1980 ba zai gane shi ba. Sai dai kuɗin da ke juya shi yanzu daga Abuja yake zuwa ƙarshen wata. Da, in damina ta yi kyau a Tsafe da Magami, ɗan kasuwar Gusau ya sani a aljihunsa; yanzu ranar biyan albashi yake lissafi. Gari ya daina dogara da ƙauyukansa, don haka ya daina jin ciwonsu da wuri. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa aka daɗe ana kallon ta'asar 'yan bindigar daji kamar labarin wata ƙasa.

Gulbin kansa ya tuna wa mutane yana nan. A ƙarshen Satumba 2006 madatsar da ke ba garin ruwa ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta tafi da ɗaruruwan gidaje, gari ya shiga wahalar ruwan sha. Can ƙasa da shi kuma ga Bakalori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, inda a 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Mu ma muna da tamu: madatsar Zobe a kan Karaduwa kusa da Dutsin-ma, an gama ta a 1983, ta shekara da shekaru cike da ruwa ba a ja shi zuwa gonakin da aka yi ta dominsu ba. Tare ruwa aikin ɗan kwangila ne, ana gama shi a yanke kyalle. Raba shi ga manoma da nema wa amfaninsu kasuwa aikin kullum ne, kuma shi ne ba mai so.

Samarin da a da masaƙa za ta ɗauka, wasunsu rami ya ɗauke su. Haƙar zinariya ta zama babbar sana'ar Zamfara, ba inji ba ƙa'ida, ana daka dutse a tsakar gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sauran labarin, na 'yan bindiga, ba sai an ba mutumin Batsari ko Safana ba. Yawancin baƙin da suka cika Gusau a 'yan shekarun nan ba aiki ya kira su ba, gudu suka yi, kamar yadda namu suka cika Katsina da Dutsin-ma.

An yi yunƙurin farfaɗowa, ba a ce ba a yi ba. Wajen 2010 aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannunsa, ya kuma zo Katsina ya ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma. Na biyun ya fi na farko hankali, don ya fara daga gona. Amma bashi ga masaƙar da ba ta da wuta, ba ta da auduga mai tsabta, kuma maƙwabciyarta a kasuwa ba ta biya kwastan ba, jinkirta jana'iza ne kawai. Iri kuma, komai kyansa, sai an je gona an shuka. Auduga na son a kai mata ziyara wata biyar zuwa shida, a yi noma, a yi feshi, a tsince ta sau biyu ko uku, kuma mata da yara ne ƙarfin tsinta. Mutumin da ke biyan kuɗi kafin a bar shi ya shiga gonarsa ba zai kai iyalinsa tsinta ba. A Satumba 2021 har layukan waya aka rufe a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, namu na ciki, aka tsai da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Ba a maganar fuloti a irin wannan hali.

Manomin laka bai zauna ba, ya sake yin lissafin da kakansa na Kano ya yi a 1912. Inda ake iya noma, waken suya da masara da riɗi sun karɓi filin auduga, don ba su cin hannu kamarta kuma mai saye na zuwa har kasuwar ƙauye da kuɗi a hannu. Gidajen gurzan da suka rage a Gusau da Funtuwa da Malumfashi 'yan watanni suke aiki a shekara. Sabon layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 daga Kano zai bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, nesa da Gusau, kusa da mu. Waken da riɗin kuwa tirela ke kwashe su ɗanye, zuwa kamfanonin mai da abincin kaji na Kano da Kaduna, ko tashar jirgin ruwa ta Legas.